Dila da Rabon Ruwan Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara rani ya tsananta a dawa, tafkuna suka ƙafe, sai rijiya ɗaya tal ta rage. Komaye ɗari ne a bakinta, an ja magudanai daga nan zuwa mazaunin kowace dabba. Na kusa, ruwa na isar masa a cike. Na bakin daji kuwa sai abin da yashi ya rage, kuma magudanar tasa yanzu ta buɗe, an jima ta toshe.

Zaki ya ba Kura aikin rabo. Ta ce duk wanda ya fi saurin sha, komayen nasa ne. Ruwa ya fita da yawa kam, amma Giwa da ke gindin rijiyar ce ke shanyewa. Kunkuru na can iyaka, harshe ya bushe kamar ƙirgi.

Aka karɓe aka ba Jaki. Ya ce layi za a bi, lokacin kowa daidai da na kowa. Sai layin Kunkuru ya riƙa zuwa daidai sa'ad da magudanarsa ta toshe, ruwa ya tsiyaye a yashi, Giwa na tsaye tana kallo. Kowa ya samu layi, ƙishirwa na nan.

Sai Dila, malamin daji, ya zo da allonsa. "Ranka ya daɗe, kowa ya riƙa faɗa mini halin magudanarsa da lamba, daga 0 zuwa 15. Ni kuma in auna abin da zai iya sha yanzu da abin da ya saba samu. Wanda damarsa ta yanzu ta fi ninka rabonsa na baya, shi zan buɗe wa."

Giwa ta ce, "Allah gafarta Malam, ai lambata kullum 15 ce."

"Haka ne, ranki ya daɗe, amma cikinki cike yake. Shi ko Kunkuru, bakwai ɗin da ya samu yanzu ita ce sa'arsa mafi kyau tun safe."

Nan hikimar take, a ganina: Dila ya auna Kunkuru da Kunkurun jiya, ya jira lokacin da ruwan zai isa gare shi. Mai waya a hannu ya san rijiyar nan, ita ce ƙarfen sabis na unguwa. A tsarin 4G ana yanka zangon megahaz 20 gida 100, a sake rabo sau 1,000 cikin sakan ɗaya, wayoyi kuma na ta kai rahoton waccan lamba. Frank Kelly na Jami'ar Kambrij ne ya fayyace wannan ma'aunin adalci a 1997, kamfanin Qualcomm kuma ya yi aiki da shi a zamanin 3G.

Ana nan, ran nan wuta ta kama sheƙar Kurciya, 'ya'yanta na ciki. Giwa ta fara kurɓa ke nan, kurɓi goma sha huɗu ne rabonta.

"Malam, ka taimake ni! Ba zan iya jira ta gama ba!"

Dila bai duba allo ba. Ya datse Giwa a tsakiyar sha, ya karkata kurɓi biyu zuwa sheƙar, wuta ta mutu. Sannan ya nuna wa Giwa daidai inda aka ciri ruwanta, ya biya ta a zagaye na gaba. Irin wannan kutse ya shiga ƙa'idojin 5G a 2018, saboda saƙon da jinkirinsa ke jawo asara, kamar na injinan masana'anta.

Giwa ba ta gama ƙunƙuni ba sai ga ƙasa ta yi baƙi. Tururuwa ce, miliyan guda a kowane murabba'in kilomita, adadin na'urorin da ake so 5G ta ɗauka. Kowace ɗigo ɗaya take nema, amma gaisuwarta da roƙonta sun fi ɗigon cin lokaci.

Dila ya wanke allo, ya ce su zauna tukuna, zai ware musu komi nasu da za su riƙa sha ba sai sun nemi izini ba.

Ƙurunƙus!