Kyamarar da Ba Ta San Hanyar Nasarawa Ba

A da, kafin a ɗauki mutum hoto sai ya yi wanka, ya zuba babbar riga, ya taka da ƙafarsa zuwa shagon mai hoto, ya biya, ya jira a wanke. Da haka Seydou Keïta ya yi suna a Bamako tun daga 1948. Mutane ne ke zuwa wurinsa, wani ya ari agogo, wani ya dafa rediyo, wata ta jingina da babur, kowa ya fito yadda yake so duniya ta gan shi. Yanzu kuwa hoton ne ke bin mutum har bakin rumfarsa, ya riske shi yana tsaka da sakace.

Sabon mai hoton titi ba ya ɓuya. Ranar da ya sayi kyamara, ko waya mai ido uku, ranar zai buɗe shafi a Instagram. Washegari da sassafe sai marinar Ƙofar Mata a Kano. Ya tsuguna, ya karkace, har ya kwanta rub da ciki a bakin rami, duk don ya samu hannun wani dattijo da shuni ya rine. Ko sallama babu. Daga nan ya zarce Kasuwar Kurmi, ya ƙarasa da almajiri mai riƙe da roba. In ya koma gida sai ya cire wa hotunan launi, domin a ganinsa talauci ya fi kyau da baƙi da fari, ya manna sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe. A tambaye shi sunan dattijon, sai ya hau sosa ƙeya.

A yi masa adalci, a wurin manya ya gada. A 1984 Steve McCurry ya ɗauki wata yarinya 'yar Afghanistan a sansanin gudun hijira a Pakistan. Mujallar National Geographic ta sa fuskarta a bango a watan Yunin 1985, duniya ta haddace idanunta, amma ba wanda ya san sunanta Sharbat Gula sai 2002 da aka je aka nemo ta. A lokacin ne ita kanta ta fara ganin hoton. Dorothea Lange ma da ta ɗauki wata uwa da 'ya'yanta a Kalifoniya a 1936 ba ta tambayi sunanta ba. Hoton ya zama tambarin talaucin Amurka na wancan zamani, matar kuwa, Florence Thompson, ta tsufa tana ƙorafin ko sisi ba ta gani ba.

In an yi magana, mai kyamara ya ce ai titi na kowa ne. A Amurka kam kotu takan tsaya masa. Philip-Lorca diCorcia ya ɓoye fitilu a dandalin Times Square yana ɗaukar fuskokin masu wucewa daga nesa, yana sayarwa da tsada. Wani dattijo Bayahude da ya ga fuskarsa a ciki ya kai ƙara a 2005, yana cewa addininsa bai yarda ba, aka kori ƙarar. Namu dattijon da ke ƙyamar hoto saboda addini bai san hanyar lauya ba. Iyakarsa ya ja rawani ya rufe fuska, mai kyamara kuma ya ce wannan ɗin ma ya fi ma'ana.

Abin mamaki shi ne wannan kyamara mai son gaskiyar rayuwa ba ta taɓa ɓatan hanya ta faɗa unguwar Nasarawa ba. Ba a taɓa ganinta a ƙofar gidan da ke da maigadi da kare tana jiran Alhaji ya fito yana hamma ba. Jarumtarta a kan mai tura kura da mai tallar gyaɗa take ƙarewa. Kuma wannan gwani, da zai ga wani ya saita waya kan matarsa a wurin biki, a ranar za a ji cewa hoto ba tarbiyyarmu ba ce.

Gara ma masu hoton bakin ɗakin taro. Su ma ba sa neman izini, suna ƙyalla wa mutum fitila yana tsaka da cusa loma. Amma kafin a tashi sun wanko, sun baje a ƙofa, su sayar masa da fuskarsa a hannu. Ko ba komai, hoton ya koma wurin mai shi.

Wanda ke son koyon sana'ar yana da wurin farawa. Ga Hawan Daushe, wanda mahayansa suka kwana suna shiri don a kalle su, kuma UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya a 2024. A kasuwa kuma sallama ba ta cin batir. A ce, "Baba, sannu da aiki, in ɗauke ka?" In ya yarda, a juya masa wayar ya ga kansa, a tambayi sunansa. In ya ce a goge, a goge a gabansa, har da wanda ke cikin kwandon shara. Yaro kuwa ba ya ba da izini, sai a nemi iyayensa ko malaminsa. Masu zuwa wurin haɗarin mota da waya a sama su ma su ji: a sa ta a aljihu, a kama a ɗaga wanda ya ji rauni.