Ciwon Gina Abin da Aka Riga Aka Gina

Ina da wani ciwo da ba a zuwa asibiti dominsa: ba na iya karɓar manhaja dafaffiya. Idan kowa ya ɗauki tuwonsa a kwano, ni sai na koma gona na yanko dawa, na sussuka, na surfa, na niƙa, sannan na kwana da yunwa.

Abin ya fi bayyana ranar da na buƙaci GCC, tafintan nan da ke juya rubutun yaren C zuwa abin da inji ke fahimta, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987. Aikin da ke gabana bai kai layi 40 ba. A kan Linux, umarni ɗaya na apt zai sauko min da shi kafin shayi ya huce. Amma zuciya ta raɗa min cewa gwani ba ya cin tuwon wani, don haka na sauko da tushen rubutunsa, layuka miliyoyi, na ce da hannuna zan harhaɗa.

Mari na farko daga configure ya zo, shirin da ke share fage kafin a fara gini. Ya duba kwamfutar, ya ce bai ga tafinta ba. Ashe GCC kamar kindirmo yake, sai da ɗan tsohon nono ake kafa sabo. Na waiga hagu da dama, na tabbatar babu mai kallo, na buga umarnin apt ɗin da nake gudu. Abin da nake nema ya riga ya shigo gida ke nan, amma ban tsaya ba. Na sake kunna configure, ya ce sai na kawo masa GMP da MPFR da MPC, taskokin lissafi guda uku. Na kawo. Sannan na buga make, umarnin fara gini, allo ya fara zubar da rubutu kamar ruwan Agusta.

A nan ciwon yake. Babu abin da ke faranta min rai kamar zama gaban baƙin allo rubutu yana gudu, fanka tana kuka, gindin kwamfuta ya yi zafin da zai gasa gurasa. Ba na taɓuka komai, amma duk wanda ya leƙo zai rantse ina sarrafa jirgin sama. Ga shi GCC ba sau ɗaya yake gina kansa ba: tsohon tafinta ya gina na farko, na farko ya gina na biyu, na biyu ya gina na uku, sannan a gwada na biyu da na uku a ga ko sun zo daidai. Sau uku ake dafa tukunya ɗaya, ni kuwa ina gefe ina jin kaina injiniya.

Ana tsakiyar zagaye na biyu aka ɗauke wuta, baturi ya bi bayanta. Na tayar da janareta. Make yana da hankalin ci gaba daga inda ya tsaya, domin yana duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, amma ni na fi shi sani: na share komai na faro daga farko, wai kada a samu tabo.

Wajen ƙarfe biyu na dare uwargida ta leƙo.

“Maigida, in ya gama me zai yi?”

“Zai harhaɗa min aikina.”

“Wanda ke ciki fa, ba ya iyawa?”

“Yana iyawa.”

Ta kalli janareta, ta kalle ni, ta ja ƙofa.

Hujjar da nake ba abokai ita ce amana: abin da ka gina da kanka ka san cikinsa. Ƙarya nake. Ko layi ɗari ban karanta ba. Kuma tun 1984 Ken Thompson ya nuna cewa tafinta mai ɓoyayyar cuta zai iya dasa ta a cikin sabon tafintan da ya gina, ko da tushen rubutun tsaf yake. Tsohon nonon da na kafa nawa da shi, ai na mutane ne.

Bayan sallar asuba aikin ya kammala. Na ajiye shi a wani kundi na musamman, na shafe mako uku ina ba da labarin yadda komai ya ƙara sauri. Wata rana ƙanena ya zauna a kwamfutar, ya tambaye ta wane GCC take amfani da shi.

“Yaya, ai wannan na apt ne. Ba ka nuna mata hanyar naka ba.”

Nawa yana can kwance, ko sau ɗaya bai yi aiki ba. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Fetur dai ya tafi, barci ya tafi. Na roƙe shi ya rufa min asiri, ya yi alkawari, da sharaɗin zan tuba.

Na tuba kuwa. Sai dai jiya na ga sabuwar manhajar Python ta fito, kuma tun da yamma na aiki yaro da jarka gidan mai.