Ciwon "Ni Dai a Ganina"

Rannan da daddare na dawo daga majalisa, uwargida ta ajiye min tuwo, ta koma gefe tana tsintar waken gobe. Ban kai loma uku ba ta ce, ko kai ba ta ɗago ba, "Malam, yau kuma wace ƙasa kuka gyara?" Na yi yaƙe. Gaskiya tsakanin isha'i da ƙarfe goma na daren nan na sauke ministoci biyu, na daidaita farashin dala, na kuma ba sojojin Nijar shawarar yadda za su zauna lafiya da maƙwabta. Duk a kan bencin mai shayi, da kofi ɗaya ba madara, shi ma bashi.

Ciwona ke nan, kuma ya daɗe a jikina. Ba a ta da zance a gabana ya wuce ban sa masa baki ba. "Ban sani ba" ta fi ƙarfin harshena. Rabona da furta ta tun ina aji uku na sakandare, shi ma don na ga bulala ne. Abin da nake da shi a madadinta shi ne "ni dai a ganina". Wanda bai san ni ba zai zaci tawali'u ne. Abokan zamana kuwa sun san gyaran murya ne, da sun ji shi sai kowa ya gyara zama, mai shayi ya ƙara gawayi.

A ɗauki canjin kuɗi. Ranar da Godwin Emefiele ya sanar, a watan Oktoban 2022, cewa Babban Banki zai sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ni na fi kowa tafi a unguwarmu. Na ce an gama da masu sayen ƙuri'a, an gama da masu karɓar kuɗin fansa, waɗanda suka binne kuɗi a rami kuma sai dai su yi miya da su. Har da buga benci. Watan Fabrairu na zagayowa sai ga ni a layin ATM tun kafin a kira assalatu, da lambar layi a rubuce a bayan hannu, ranar da ban samu ba kuma in je in sayi kuɗina da kuɗina a wurin mai POS. Kun san abin da na ce a majalisa a makon nan? "Ai na faɗa." Wallahi haka na ce, ido a bushe. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, na sake cewa ai na faɗa. "Ai na faɗa" ita ce ƙanwar "ni dai a ganina", aikinta share wurin da yayarta ta ɓata.

Tallafin mai ma haka aka yi. Shekara da shekaru ina cewa a cire shi, 'yan fasa-ƙwauri kawai yake ciyarwa, har ina lissafa musu kan iyakoki da yatsu: Jibiya, Maigatari, Illela. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya faɗa a wurin rantsuwa cewa tallafi ya tafi, kafin mako ya fita lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Na jingine motata a gindin darbejiya, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin hutawa. Daga ranar na koma jagoran masu cewa ba a cire tallafi da rana tsaka ba tare da an yi wa talaka tanadi ba. Ra'ayin nan na biyu har yanzu ina ganin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai aljihuna ne ya koya min shi, ni kuwa na gabatar da shi kamar daga littafi na ciro.

Sau ɗaya aka taɓa kama ni dumu-dumu a wannan fage. Ina cikin bayanin matatar Ɗangote da ke Legas, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ina ta ninka lissafi a iska, sai wani dattijo da ya yi shekaru yana tuƙa tanka ya ce, "Malam, ganga ɗaya lita nawa ce?" Na hasko duron ruwan gidanmu, na ce 200, ban ko yi jim ba. Ya kurɓi shayinsa, ya ce 159 ce. In baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba. Na ce ai ya danganta da irin gangar. Bai ƙara magana ba, kuma shirun nan ya fi mari zafi.

Kamfanoni kuwa, ba wanda ban koya wa kasuwanci ba. Lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44 a 2022, ya kuma sauya masa suna zuwa X a shekarar da ta biyo, na yi kusan awa ɗaya ina nuna inda ya yi kuskure. Mai shayi ya bari sai da na kai aya, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka gyara masa lissafi, akwai ɗari bakwai ɗinmu ta makon jiya." A watan Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, na rubuta dogon kira a Facebook cewa jama'a su ƙaurace musu na mako guda, na kashe data bayan azahar don in zama abin koyi. Kafin magariba na sayi wata, don in ga mutum nawa suka yaba da kiran.

Labarin fasaha gajere ne. Ni nake yi wa majalisa bayanin ƙirƙirarriyar basira da irin ayyukan da za ta ƙwace nan da shekara goma. Ni ɗin dai wayata ta yi kwana biyu ba ta ƙara, na sanar da duniya cewa masu ƙera waya da gangan suke kashe tsofaffi don a sayi sababbi. 'Yata mai shekara goma sha ɗaya ta karɓa, ta taɓa wani ɗan maɓalli a gefe, waya ta yi ƙara. Ta miƙo min ba ta ce komai ba. Halin uwarta ta ɗauko.

To, duk waɗannan da sauƙi, don dala ba ta jin abin da na ce, Musk bai san an haife ni ba, minista ba zai zo ya tsare ni da tambaya ba. Wanda ke sharhi a kan abin da ke nesa da shi ba ya biyan ko kwabo in ya yi kuskure. Inda na yi karambanin akuya shi ne da na kai bakina kicin, domin tukunya tana mayar da amsa, kuma ba ta wuce minti ashirin.

Na daɗe ina wa'azin daddawa. Duk ranar da aka kawo miya sai na yi jawabi: iyayenmu ba su san dunƙulen magi ba, kalwa suke dafawa ta kwana a wuta, a surfe ta, a wanke, a rufe ta kwana biyu-uku ta ruɓa, a kirɓa, a shanya, ga ɗanɗano ga lafiya. Matan yanzu kuwa sai ɓare takarda. Uwargida ta yi shekaru tana jin wannan karatu. Wata rana, ashe, ta yanke shawarar gwada malamin. Ta yi miyar kuka da daddawa zalla, ko rabin dunƙule ba ta sa ba. Na ci loma biyu na ture kwano, na ce, "Miyar yau lami ce, ko ba ki da lafiya ne?" Ta ce lafiya lau. Washegari ta sake yin wata, daddawa kaɗan, magi biyu. Na sha har da suɗe yatsu, na ce, "Yauwa! Ka ji girkin iyayenmu. Kin ga abin da nake gaya miki game da daddawa?" Ta ce ta gani. Sai bayan mako guda ta ba da labarin, a gabana, ranar da ƙanwata ta zo yini. Dariyar da suka yi har ƙanwata ta riƙe ciki tana cewa, "Yaya, ka bari don Allah."

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa wata biyu bayan haka, da ƙanwar uwargida ta haihu a Haɗeja, uwargida za ta tafi suna na kwana uku, ta ce za ta yi mana miya ta ajiye, ko ta yi wa maƙwabciya magana, sai na ce, "Haba, tuwo da miyar kuka har wani aiki ne?" Ta dube ni, ta dubi yaran nan biyu da za ta bar min saboda makaranta, ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam."

Na ɗora ruwa ya tafasa, na kamfaci garin masara na antaya a ciki gaba ɗaya. Talge? Na sha jin sunansa, ban taɓa tambayar mene ne amfaninsa ba. Ashe sai an dama ɗan gari da ruwan sanyi an zuba a tafasasshen ruwa, ya dahu ya yi kauri, sannan a riƙa barbaɗa sauran garin ana tuƙawa, a rufe ya sulala. Nawa kuwa nan take ya haɗe, gudaji ko'ina, in ka fasa ɗaya ka tarar da ɗanyen gari fari fat a cikinsa. Na kama muciya da hannu biyu, tukunya na gudu a kan murhu ina bin ta, na rasa da me zan danne ta. Nan na tuna yadda uwargida ke tuƙa tuwon mutum takwas tana hira, wani lokaci da goyo a baya. Ni kafaɗata ta yi kwana uku tana ciwo. Ƙasan tukunya ya kama, ƙauri ya cika gida.

"Baba, Umma ba haka take yi ba," in ji 'yata daga bakin ƙofa.

Na ce kowa da salonsa.

Miya ta fi muni. Saboda aƙida ban sa magi ba, na jefa daddawa guda uku ko dakawa ban yi ba, na ƙara kanwa don na taɓa ji ana sawa, ban dai ji ko nawa ba. Maburgi na neme shi sama da ƙasa ban gani ba, ashe yana rataye a gaban hancina. Na juye kuka a lokaci ɗaya, na shiga juyawa da cokali. Ita kuwa kuka so take a yayyafa ta kaɗan-kaɗan ana kaɗawa. Abin da ya fito ruwa ne tsululu, baƙi-baƙi, da ƙananan dunƙule suna yawo a sama kamar kashin awaki. Na zuba wa yara. Ƙaramin ya leƙa kwano, ya ɗago, ya ce cikin ladabi, "Baba, akwai garin kwaki?"

Muna cikin haka aka yi sallama. Yaron maƙwabta ne, ɗauke da kula biyu, tuwon shinkafa malmala shida da miyar taushe. Ƙaurin ne ya tsallaka katanga ya kai ƙara. Yaron ya durƙusa ya ce, "Mama ta ce a gaishe ku da aiki." Kwana ukun nan kaf haka aka riƙa aiko mana. Tukunyar kuwa na jiƙa ta na tura bayan randa, can uwargida ta same ta ranar da ta dawo, ƙanzo ya kai kaurin tafin hannu. Ta ɗaga ta, ta juya ta, ta ce, "Wannan kuma laifin wace gwamnati ce?"

Na yi wa kaina alkawari a daren nan: mako guda zan yi a majalisa ba "ni dai a ganina". Daren farko na ci nasara, ko da yake an yi ta tambayata ko haƙori ke damuna. Dare na biyu aka yi zancen kuɗin wuta, na cije leɓe har ya yi zafi. A dare na uku wani matashi da bai daɗe da aure ba ya ce amaryarsa na fama da laulayi, shi yake shiga kicin, kuma tuwo ya gagare shi, kullum gudaji. Na dubi ƙasa. Na ƙirga ɗaya zuwa goma. Na kai bakwai na ji muryata tana cewa, "Ni dai a ganina, duk sirrin tuwo yana wurin talge. Mutane da yawa ba su gane ba..."

Maƙwabcina da ke ƙarshen benci ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Malam, afuwa na katse ka. Mai ɗakina ta ce in tuna maka, kula ɗaya har yanzu tana gidanka."