Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kadarkon Gonarmu

Ranka ya daɗe Kadarko,

Ina fata gara ta rage maka idon da za ka karanta wannan takarda.

Kututturen giginya biyu ne kai, an jera, an cusa kara da laka a tsakani, amma mulkin da ka yi mana ko hakimi albarka. Sai yaro ya kai tsakiyarka da kwanon tuwo a ka, sannan ka tuna kana da rawa. Ran da ka kifar da abincin ƴan noma bayan ruwan Agusta, ni na sha tsumagiya, kai ko a jikinka. Yayata kuwa da rarrafe take haye ka, silifa a hammata, tana salati har tsallake.

Kakanmu ne ya ɗora ka. Yakan ce ya sari dajin nan a shekarar da ƴan Mishan suka baro cikin ganuwar Zariya suka tare a Wusasa, wato 1929, lokacin ana kwaɓa ƙasar ginin cocin St Bartholomew. Cocin na nan tsaye. Gandun da ya shimfiɗa, dawa a tudu, rake a fadama, Dutsen Kufena na leƙensa, shi ne ba labari. Rabon gado ya yanka shi, jikoki suka sake yankawa, har gonar wani ta koma ba ta cin mudun iri.

Duk da haka, muddin kana nan babu wanda ya taya. Ko Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, da ta danƙa filaye hannun gwamna, ba mu ga ta haye ka ba. Ina jin ita ma ta leƙa ruwan ta fasa. Sai da aka ture ka aka zuba kwalbati, muna ta tafi wai ci gaba ya zo. Damina ba ta zagayo ba tifa ta shigo, dillalai na biye da igiyar awo. Inda muke korar tsuntsu yanzu fuloti ne, an kewaye da bulo, har da kare.

Saura fadamar Gwaggo, kuma wani dillali ya fara gaishe ta da goro. Idan kana da ƙane mai santsi irinka, don Allah turo shi kafin kaka. Mutumin yana da tumbi, bai kuma iya iyo ba.

Naka,
Jikan mai gonar tsallake