Kayan Sin Za Su Koma Gida

Yaro ya samu gurbi a Jami'ar Sun Yat-sen da ke Gwanzu a ƙasar Sin, karatu sai Satumba, amma tuni Hajiya ta dira kasuwar Sabon Gari. Bokiti, fulas, tocila, butar lantarki, har da kwaɗo. Juya gindin kowanne ka duba: daga Sin aka kawo shi Kano. Yanzu za a biya kuɗin awo a filin jirgi a mayar da shi garinsu! Kilishin da yaron zai nema ido rufe kuwa, kwastan ɗin can ba sa barin nama ya shiga. Alhaji nasa burin daban: "In ka samu sarari, leƙa unguwar Shiyawbai ka jiyo mini farashin shadda." Hajiya, a ƙara yaji da kuka, a ajiye bokitin nan.