Rediyon Sama da Rediyon Mai Shayi

A 1998 kamfanin WorldSpace ya harba tauraron ɗan'adam, AfriStar, wai zai kawo wa Afirka rediyo raɗau, babu shuuu ɗin gajeren zango. Sharaɗin dai ka sayi akwati mai tsada, ka kafa eriya tana kallon sama kamar mai duban watan Sallah, daga baya kuma aka ce a riƙa biyan kuɗi. Haba! Mutanen da ke shan BBC Hausa kyauta tun 1957? A 2008 kamfanin ya karye.

'Yar rediyon Kchibo kuwa tana nan a teburin mai shayi, an ɗaure murfin batir da roba. In ta yi gardama a ɗan mare ta, sai ta ci gaba da labaran duniya.