Masu Tsintar Ƙwallon Giginya

Duk wanda ya ratsa Dallol Mauri daga Gaya ya san arzikin ƙasar a tsaye yake. Giginya ce jere-jere, iyakar ganin ido. Da ita ake azarar da gara ba ta ci, da ganyenta ake saƙa, 'ya'yanta kuma abin sha ne. Ma'aikatan gandun daji sun san darajarta, shi ya sa ba a sare babba sai da takarda.

Ƙwallon da ya faɗo ƙasa shi ne ba shi da takarda.

Giginya ba ta gaggawa. Ƙwallo yakan yi watanni cikin rairayi kafin ya tsira, sa'an nan ya yi shekaru yana 'yan ganyaye a ƙasa, ba gangar jiki, ba inuwa, ba abin da zai sa mai gona ya waiwaye shi. Cikin waɗannan shekaru akuya na iya cinye shi, wutar daji na iya lashe shi. Mai gona kuwa yana da uzuri: 'ya'yan suna da yawa, kuma Allah ne mai rayawa.

Akwai wasu mutane da ba sa raina ƙwallo. Da sassafe suke zuwa, wasu a ƙafa, wasu a kan babur, su duƙa gindin bishiyar da ba tasu ba, su tsince ɗaya bayan ɗaya. Kowa na ganinsu. Suna da haƙuri, a faɗi gaskiya. Sukan haƙa rami, su jera ƙwallayen a hankali, su rufe da ƙasa mai laushi, su riƙa zagayawa suna dubawa. Irin kulawar da ƙwallon bai taɓa samu ba a gindin uwarsa, a hannunsu yake samunta. Sai ya saki jiki, ya tura saiwa.

Ranar da ya yi ƙwari, ranar ake tone shi. Ya zama muruci. A dafa, a ɗaure dami-dami, wani ya nufi Kamba, wani ya hau kwalekwale zuwa Malanbil. Gadar Malanbil da aka rufe a 2023 ta tsayar da manyan motoci, amma ba ta tsayar da wannan kaya ba, don ba shi da nauyi, kuma ba mai cigiyarsa.

Da yamma dattawa na zaune suna lissafin tsadar shinkafa da ranar buɗe iyaka. Wani lokaci ɗayansu ya ɗaga kai ya ce dajin ya tsufa, ba a ganin matasan giginya kamar da. Sauran su ce zamani ne. Daga nan a kira mai tallan muruci, a saya, a ɓare.

Malam mai gona, daren jiya ma iska ta kaɗa, wasu ƙwallaye sun faɗo a gonarka. Ka riga masu babur fita gobe da asuba.